Amsa ga mai Honda da D ke walƙiya: kada ka sayi giyabos tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: Honda Accord ɗinka ta 2006 tana walƙiyar D a dashbod, tana fizga idan za ta shiga giya ta uku, an sa kwamfutar gwaji ta fitar da lambar matsala P0848, bakanike kuma ya ce sai an sauke giyabos. Don Allah ka dakata. Irin motar nan na riƙe shekara shida, kuma saura ƙiris in yi wannan asarar.

Lambar ba cewa ta yi giyabos ya mutu ba. Akwai wani ɗan sensa, bai fi babban yatsa ba, da aka ɗaura a jikin giyabos ta waje. Aikinsa kawai ya sanar da kwamfutar mota cewa matsin mai ya isa kulocin giya ta uku. P0848 na nufin saƙon ya yanke, P0847 kuma waya ce ta taɓa bodi ko sensan ya maƙale a kunne. Na giya ta biyu shi ke ba da P0842 da P0843. Idan kwamfuta ta daina jin saƙon sai ta koma canki-canki, daga nan fizgar take fitowa.

Ka fara da man giya. Honda ba kamar Toyota ba ce: bayan mota ta yi zafi ka tsaya a wuri mai shafe, ka kashe inji, ka zaro sandar awo cikin kamar minti ɗaya. Ka goga a farin ƙyalle, ka sansana. Ja ko ja-ja ba ƙauri, alhamdulillahi. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ga ɓurɓushi a jikin maganaɗisun noti na tsiyayar mai, to nan kam magana ta canja, wataƙila bakanikenka yana da gaskiya. Sannan wane mai ake zuba maka? Man giyar Honda mai suna DW-1 ne nata, shi ya maye gurbin tsohon, wato Z1. Da yawa a gareji jan mai kawai suka sani, duk wanda ya zo hannu. Ka tsiyaye ka zuba sabo, wajen lita uku yake ci, kar ka yarda a wanke shi da injin matsi.

Ni tawa matsalar ma ba sensan ba ne. Na sayi na Baljiyam a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, aka ɗaura, kwana biyu D ta dawo da walƙiyarta. Wani ya fara yi mini lissafin kuɗin giyabos har da na aiki, ina zufa. Wani dattijon rewaya da ke gefe ne ya ce in ba shi minti goma. Ya cire soket ɗin, sai ga shi cike da mai da ƙurar hunturu, bakin ƙarfen ya yi kore, wayar kuma ta karye a cikin robarta, daga waje ba ka ganin komai. Ya datse, ya haɗa da dalma, ya wanke soket. Shi ke nan. Kuɗin da ya karɓa ko na rabin tanki bai kai ba.

Saboda haka ka nemi mai mitar gwajin wuta. Inji a kashe, tsakanin bakin sensa da jikinsa bai kamata wuta ta wuce ba. Idan ta wuce ya maƙale. Amma lambarka ta yankewa ce, don haka a bi wayar tun daga soket har kwamfuta, ana girgiza ta ana kallon mita.

Idan ya tabbata sensan ne, ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa. Na giya ta biyu da na uku sun yi kama, zarensu ɗaya, amma ba lallai matsin da suke kamawa ya zo ɗaya ba, ka duba lambar jiki da launin soket. A sa sabuwar washa, kuma a hana yaron gareji danne shi da ƙarfin tuwo, jikin giyabos ɗin alminiyam ne, zaren yana cinyewa.

Bayan an gama a goge lambar, ka hau titi ka bari ta shiga duk giyoyinta tana da zafi. Ka dawo ka faɗa mana launin man da ka gani, da ko tana sulɓewa idan ka taka totur a kan hawa.