Batman ko Spider-Man: wa ya fi kama da mu?

Tambaya: Kullum ni da yayana cikin musu muke. Ya ce finafinan Batman ne na masu hankali, don mutum ne kamar kowa, ba ya tashi sama. Ni kuwa Spider-Man ne yake shiga raina, duk da na san babu wanda gizo-gizo zai ciza ya koma tafiya a jikin bango. Wanne ya fi kusa da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, yayanka bai faɗi ba daidai ba. A fim ɗin The Dark Knight na 2008, darakta Christopher Nolan ya ɗauki babban ɓangare na aikin a titunan Chicago, kuma tirelar nan da ta wuntsila ta kife a tsakiyar titi, tirela ce ta gaske aka kifar, ba aikin kwamfuta ba ne. Sulken Batman da motarsa duk an nuna inda aka ƙera su. Ido yana gani ya gamsu.

Sai dai gamsuwar ido daban, ta zuciya daban. Bruce Wayne, wato Batman, magajin babban kamfani ne, yana da hadimi, yana da katafaren gida da kogo a ƙarƙashinsa. Mu nawa ne muka tashi a haka?

Dubi Peter Parker, wato Spider-Man, a Spider-Man 2 na 2004, wanda Sam Raimi ya ba da umarni. Fim ɗin na farawa aka kore shi daga aikin kai wa mutane fiza saboda makara. Malaminsa na jami'a yana yi masa faɗa kan karatu. Ya je wankin kaya, rigar jarumtar ta zuba, ta rina masa fararen kayansa ja da shuɗi. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ranar zagayowar haihuwarsa: banki na shirin ƙwace gidan gwaggonsa May, amma tsohuwar ta danƙa masa dala 20 tana hawaye, ta hana shi mayarwa. Yana isa ɗakin da yake haya, mai gidan ya fizge kuɗin daga hannunsa. Wanda ya taɓa karɓar kuɗi a hannun tsohuwar da ya san ba ta da shi, ba sai an yi masa bayanin wannan kunyar ba.

Kuma da gangan aka gina shi haka. Lokacin da Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro shi a 1962, matasa a irin waɗannan labarai yawanci yaran manyan jarumai ne, kamar Robin, yaron Batman. Su sai suka ɗauko maraya daga unguwar Queens ta New York, suka ba shi ƙarfi, suka bar shi da talaucinsa.

Fim ɗin Logan na 2017 ma haka yake. Jarumin, Wolverine, ya tsufa, yana tuƙin motar haya don sayen maganin tsohon malaminsa Charles Xavier da tsufa ya rikita wa ƙwaƙwalwa, har bayan gida shi yake ɗaukarsa ya kai.

Abin da ke damuna shi ne darasin da wasu suka ɗauka bayan nasarar Nolan: a duhunta hoto, a hana jarumi murmushi, wai an yi gaskiya. A Man of Steel, fim ɗin Superman na 2013, benaye sun yi ta rushewa a birnin Metropolis, amma da wuya ka ji zafin mutuwar ko mutum ɗaya a cikinsu.

In kana kallon finafinan Indiya, nemi Minnal Murali na 2021. Tela ne a wani ƙauyen Kerala, burinsa ya tsallaka Amurka, sai tsawa ta faɗa masa. Tsawar ta kuma sami wani mai aiki a shagon shayi wanda garin ya daɗe yana wulaƙantawa, shi ne ya zama abokin gabarsa, kuma sai ka ji tausayinsa ya kama ka tun kafin ya fara ɓarna.