Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen sifanun gyaran mashin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi mashin na hannu, kana so ka riƙa canza baƙin mai da ɗaure sarƙa da kanka, kuma ka ga wani akwatin sifanu mai kaya wajen guda arba'in da araha a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, ka saya ko ka bari? Wallahi ina gama karantawa sai da gabana ya faɗi, don irin wanga akwati ne ya ja mini asarar da har yau ban manta ba. Don Allah ka dakata tukuna.

Ni ma haka na ɗauko shi, yana ƙyalli, ina murna. Ranar da na zo kwance notin baƙin mai na sa filat, wato sifana mai buɗaɗɗen baki, mai lamba 17, na ja, sai na ji ya zame. Na sake ja, ya sake zamewa. Ashe bakin sifanar ne ya buɗe, ƙarfen ba shi da ƙwari, kuma kowane zamewa cin kusurwar notin yake yi. Kafin in farga kan notin ya goge. Na tura mashin zuwa garejin wani bakanike da na shekara biyar ina kai wa aiki, mutumin da ko sunan ɗansa na je. Bai ko tashi daga benci ba, ya ce wa yaronsa ya sa cizal da guduma. Ina tsaye yaron na dukan ƙasan inji, na ce Malam, kesin injin nan fa alminiyam ne, ya ce in bar masu aiki su yi aikinsu. Noti ya fita, suka sa wani, suka shafe gefen da gam, ba wanda ya gaya mini kesin ya tsage.

Ranar Lahadi na ɗauki kaya zan tafi kasuwar Illela, cikin watan Afrilu, kun dai san zafin ranar Sakkwato a lokacin. Na wuce Kware ban kai Gwadabawa ba na ji ƙarar inji ta canza, sai ƙauri, sai mashin ya tsaya cak. Na duba ƙasa, mai ya tsiyaye tas, tayar baya duk ta jiƙe. Inji ya buga. Na zauna bakin titi, babu inuwa, ruwan da ke hannuna ya ƙare, ga kayan mutane a baya. Da mashin ɗin nake kabu-kabu, da shi nake ciyar da gida. Wallahi sai da na yi hawaye. Da na koma wurin mutumin, ya dube ni ya ce ai da tsagarsa na kawo shi. A gaban yaransa ya ƙaryata ni. Ko sannu bai ce ba. Wata biyu mashin na ajiye kafin in haɗa kuɗin gyara, kuma har yau in na bi ta layin nan sai na kau da kai. Na bar shi da Allah.

To ka ga mafarin abin duka sifana ɗaya ce marar kyau. Shi ya sa nake cewa kada yawan kaya ya ruɗe ka. Mashinan da muke hawa, na Japan da na Caina da na Indiya, da milimita aka yi notocinsu, kuma aikin yau da kullum bai cika wuce 8, 10, 12, 14 da 17 ba. Wani mashin za ka ci karo da 13. Notin tayar baya ya fi girma, 19 ne ko 22 ko sama, ya danganta da mashin, don haka ka hau abinka ka je da shi kasuwa, ka gwada kowace sifana a kan notin kafin ka biya. In ta zauna daram ba ta rawa, ka ɗauka. Ka sayi mai zobe a gefe ɗaya, filat a ɗaya gefen. Da zoben ake kwance noti mai tauri domin ya kama shi ta ko'ina, filat kuwa gefe biyu kawai yake riƙewa. In soket za ka saya, wato sifana mai kama da ƙoƙo da ke rufe kan noti, nemi mai kusurwa shida a ciki, ya fi mai sha biyu riƙe notin da ya fara gogewa.

Ka kula da masu lambar inci da ake cakuɗawa cikin kayan gwanjo. Rabin inci milimita 12.7 ne, zai hau notin 12 kamar ya yi, amma da rawa, kuma rawar nan ita ke kashe noti. Amma fa kayan gwanjon nan, in ka dace da na milimita, sun fi sababbin masu ƙyalli nesa ba kusa ba. Ana rubuta Cr-V ko Chrome Vanadium a jikin masu kyau, sai dai na jabu ma suna rubutawa, don haka ka duba bakin da kanka, ka ji nauyinta a hannu.

Sifanar fulogi daban take, 16 ce ko 18, ka cire hular fulogin ka gwada. Kuma ka bari inji ya huce, ka fara ɗaura fulogin da yatsunka har ya zauna kafin ka sa sifana. Haka notin mai. Kada ka ƙara bututu a hannun sifana wajen ɗaurewa, zaren alminiyam ba ya jure haka. Na ga wanda ya hau kan sifana da ƙafa, zaren ya fito a jikin notin.

Af, sukundireba. Wanda bakinsa ya cinye ka jefar, shi ke lalata kusoshin kafireta. Ka danna da ƙarfi sannan ka juya. Ka nemi sifana mai siffar T kuwa, mai 8 da mai 10, za ka gode mini, rabin murafun inji da su ake buɗewa. Sai filaya ɗaya, amma kada ka taɓa kama noti da ita, ko da wasa. Sarƙa kuma ka bar mata wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ka daidaita gefe biyu daidai, ga ƙurar hunturu na zuwa, ka riƙa wanke ta kana sa mai.

Kuma kayanka kada ka riƙa ba da aro barkatai, sifanata mai lamba 10 sau uku ina sayenta. Ba ka faɗi wane mashin ba ne, Boxer ne ko Jincheng ko Haojue? Ka ɗauko hoton notin mai da na tayar baya ka turo nan, in na dawo daga aiki bayan Magariba in sha Allahu zan duba maka.