Wai tsayin shinge ne ke kayar da dawakin nan na Ingila?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a waya na tseren dawaki a Ingila suna tsallake shinge, sai zubewa suke. Mu nan filin sukuwa ba ma ganin haka. Shingen ne ya cika tsayi ko mahayan ne ba su iya ba? Daga wani mai kilisa a Nasarawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina kyautata zaton tseren Grand National ka gani, wanda ake yi a Aintree kusa da Liverpool tun 1839. Mahayan sun iya wallahi, kuma ba tsayin ne babbar matsalar ba, dirar ce.

Shingen da ya fi kowanne tsayi shi ne The Chair, ƙafa 5 da inci 2, ga rami mai faɗin ƙafa 6 a gabansa, amma ba shi mahaya suka fi shakka ba. Becher's Brook ne. Ƙasan da doki zai dira a bayansa ya fi inda ya tashi gangarawa, shi kuma dokin bai gani ba sai yana sama, ya miƙa ƙafafun gaba yana jiran ƙasa bai same ta inda ya zata ba, sai ya tafi da ka. Shi ya sa za ka ga mahayi ya kwanta baya ya sassauta linzami, in ya riƙe tamau shi ma ya bi ta wuyan dokin. Kai da ke kilisa ka san yadda doki ke yi in ya taka rami bagatatan, to ka ɗora gudu a kai.

Sai shingen Canal Turn, kana dira kwana ce mai kaifi zuwa hagu, kowa na son ya yanke ta, sai cunkoso.

Sannan gajiya. Tsalle 30 ne a kusan kilomita 7, dokin da ya haye shinge garau a zagayen farko a na biyu ƙafa ta yi nauyi. In ruwa ya jiƙa filin kuwa ba a magana, a 2001 huɗu kacal suka kai ƙarshe.

Ka duba 1967. A tsalle na 23, ɗaya daga mafi ƙanƙanta, wani doki da ya riga ya yar da mahayinsa ya gitta gaban sauran, suka cakuɗe, wani doki mai suna Foinavon da ke can baya ya samu kafa ya wuce ya ci. Har yau sunan Foinavon shingen ke amsawa.

Abin da ke ci min rai shi ne dawakin da ke karyewa, dabba ce da ba ta nemi a kawo ta ba. An dai gyara, a 2013 an cire katakon cikin shingayen an sa roba mai lanƙwasa, a 2024 kuma aka rage masu fita daga 40 zuwa 34, ni a ganina rage cunkoson nan ya fi komai amfani.