Filin Tambayarku: Wai ƙwallon Amurkawa, ina ƙafar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ranar wata Lahadi da daddare na je gidan kallo, kafin a sa mana wasan da muka zo gani sai mai gidan ya murɗo wata tasha muka ga wasu ƙarti da hular kwano, kafaɗu kamar an cusa filo, suna ta karo kamar raguna, ƙwallon ma kamar gwanda kuma a hannu ake rungumarta a ruga. Wai sunanta futbol. To ina ƙafar? Kuma wa ya ƙirƙiro wannan abu? Daga mai karatunku a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙafar tana nan amma ba ta da yawa, akwai mutum guda a kulob da kusan aikinsa kenan, ya shigo ya buga ya koma benci. Sunan kuwa gado ne. A Ingila ta da, da ƙwallon da muka sani da zari-ruga duk futbol ake ce musu, to Amurkawa ta ɓangaren zari-ruga suka ɗauko nasu suka riƙe sunan.

Wasan da suke ƙirgawa na farko an yi shi ranar 6 ga Nuwamba 1869 tsakanin ɗaliban jami'ar Rutgers da na Princeton a jihar New Jersey, mutum 25 kowane ɓangare, ƙwallo zagayayya, Rutgers ta ci 6 da 4, kuma da za ka ga wasan cewa za ka yi irin namu ne aka yi shi da hargitsi. Abin ya fara sauyawa a 1874 da ɗaliban McGill na Kanada suka zo wa Harvard da dokokin zari-ruga, 'yan Harvard suka ji daɗin ɗaukar ƙwallo a hannu, sauran jami'o'i suka bi.

Wanda ya mayar da shi abin da ka gani sunansa Walter Camp, ɗan jami'ar Yale. A 1880 ya sa aka rage 'yan wasa zuwa 11, aka daina cakuɗuwa a kan ƙwallo, a maimakon haka kowane ɓangare ya ja sahu suna fuskantar juna kuma an san wanda ƙwallo take hannunsa. Sai masu wayo suka gano ai in ƙwallo tana hannunka ba dole ka yi komai da ita ba, a 1881 Yale da Princeton kowa ya riƙe ta rabin lokaci guda aka tashi ba ci, 'yan kallo suka tashi da haushi. Shi ne a 1882 aka kawo dokar cewa sau uku za a ba ka dama, in ba ka ci yadi 5 gaba ba ka miƙa ƙwallo. Daga baya ta koma yadi 10, a 1912 aka ƙara dama ta huɗu, kuma a nan aka tsaya har yau. Kaga dalilin da wasan yake tsayawa yana tashi kenan, filin ake ci yadi bayan yadi kamar rabon gona.

Hular kwanon kuma ba ado ba ce. A 1905 jaridu sun ƙirga aƙalla 'yan wasa 18 da suka mutu a shekara guda, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira mutanen Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu don mutane su warwatsu a fili su daina taruwa a kan mutum ɗaya. Ni dai har yanzu in na ga yadda suke haɗa kai gabana faɗuwa yake.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na saya wa autana wata riga a gwanjo, koriya da ruwan ɗorawa, an rubuta Packers da wani babban harafin G. Yayyensa suna ta tsokanarsa wai rigar masu ɗaure kaya ce a tasha. Don Allah ta wane kulob ce? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya barka kadai, kuma ki ce wa yayyen ba su yi nisa da gaskiya ba! Kulob ɗin Green Bay Packers ne, kuma sunan daga kamfanin da ke zuba nama a gwangwani ya fito. A 1919 wani saurayi Curly Lambeau da ke aiki a Indian Packing Company ya roƙi kamfanin dala 500 na kayan wasa, aka ba shi, kulob ya ɗauki sunan sana'ar. Amma bari in ja miki zancen daga baya kaɗan don nan ne labarin yake da daɗi.

A farko wasan nan na 'ya'yan masu hali ne a manyan jami'o'i, kuma su a wurinsu karɓar kuɗi don ka buga ƙwallo abin kunya ne, shi ya sa biyan farko a ɓoye aka yi shi. Ranar 12 ga Nuwamba 1892 kulob ɗin Allegheny Athletic Association ya damƙa wa wani tsohon ɗan wasan Yale, Pudge Heffelfinger, dala 500 don wasa ɗaya tak da maƙwabtansu Pittsburgh Athletic Club, kuɗin da lebura zai yi wata da watanni bai gani ba, kuma bai ci kuɗin banza ba don shi ya tsinci ƙwallon da ta suɓuce ya kai ta gida aka tashi 4 da nema. Ba a tabbatar da biyan ba sai bayan shekaru masu yawa da aka ga shafin littafin kuɗin kulob ɗin.

Daga nan harkar ta koma hannun garuruwan masana'antu a Pennsylvania da Ohio, mutum ya yi aikin ƙarfe ko na jirgin ƙasa duk mako, Lahadi ya sa riga ya shiga fili. Columbus Panhandles ma'aikatan reluwe ne, kuma 'yan gida ɗaya da ake kira Nesser su ne ƙashin bayan kulob ɗin. Decatur Staleys na kamfanin sitaci ne. Masu shekaruna da suka san BCC Lions ta Gboko ko Julius Berger za su gane tsarin. Canton Bulldogs da Massillon Tigers kuwa gaba ce ta maƙwabta, a 1906 har aka yi zargin sayar da wasa tsakaninsu abin ya durƙusar da ƙwallon kuɗi a yankin na wasu shekaru. Canton ta farfaɗo sosai a 1915 da ta ɗauko Jim Thorpe kan dala 250 duk wasa, shi kuma jinin mutanen ƙasar na asali ne, waɗanda Turawa suka tarar, daga ƙabilar Sac da Fox, wanda ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm aka ƙwace a 1913 wai don ya taɓa karɓar ɗan kuɗi a wasan besbol. Sai bayan rasuwarsa da shekara kusan 30 aka mayar wa iyalansa.

Matsalar lokacin ita ce ba doka ba oda, ɗan wasa yau yana nan mako mai zuwa yana can wurin wanda ya ƙara masa dala goma, ɗaliban jami'a kuma suna zuwa da sunan ƙarya su buga su karɓi kuɗi Litinin su koma aji. Masu kulob suka ga asara za ta kashe su, sai ranar 17 ga Satumba 1920 suka taru a shagon sayar da motoci na Ralph Hay mai Bulldogs a garin Canton, kujeru ba su isa ba wasu suka zauna a matakalar motocin da aka kasa, suka kafa ƙungiya suka naɗa Thorpe shugaba saboda sunansa na jan jama'a. Ita ce a 1922 ta koma NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka har yau. Kulob 14 suka buga kakar farko, Akron Pros ta zama zakara ba a doke ta ko sau ɗaya ba.

Cikin 14 ɗin nan biyu kacal suka rage. Staleys da George Halas ya kai Chicago a 1921 suka zama Bears, sai Cardinals da suka tashi daga Chicago zuwa St. Louis a 1960, daga can zuwa Arizona a 1988. Sauran duk sun bi ruwa, har Canton ɗin da ta ɗauki kofi a 1922 da 1923. Akwai Tonawanda Kardex da wasa ɗaya ta buga a 1921, aka zuba mata 45 da nema ta tattara. Akwai Oorang Indians da wani mai kiwon karnuka, Walter Lingo, ya kafa a wani ƙauye LaRue don kawai ya tallata karnukansa, Thorpe ne koci, ana tafiya hutun rabin lokaci sai a fito da karnuka su yi wasa. Kuɗi a manyan birane yake, an ga haka ƙiri-ƙiri a 1925 da tauraron jami'a Red Grange ya shiga Bears, mutum wajen 70,000 suka cika fili a New York don ganinsa. A 1926 kulob 22 ne a gasar, zuwa 1932 saura 8.

To rigar autanki ta waɗanda suka ƙi mutuwa ce. Packers sun shiga gasar a 1921, aka kore su don sun sa ɗaliban jami'a, suka dawo, bashi ya kusa cinye su, sai a 1923 mutanen gari suka sayi hannun jari dala 5 kowanne suka ceto kulob. Har yau ba shi da attajiri guda mai shi, na jama'a ne, hannun jarin kuma ba ya kawo riba ko sisi. Garin mutum dubu ɗari da 'yan kai ne amma filinsu na cin wajen 80,000, sun ɗauki kambu 13, kuma su suka ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na fitar da zakara, na farko a Janairun 1967. A bar yaro ya sa rigarsa.

Tambaya: Malam na ga yawancin 'yan wasan baƙaƙe ne, haka abin yake tun farko? Akwai namu a ciki? Daga ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ƙanena ba haka yake ba. Da farko an ɗan buɗe ƙofa, Fritz Pollard yana cikin Akron da ta ci kofin 1920, a 1921 ma ya zama baƙar fata na farko da ya yi koci a gasar. Amma daga 1934 zuwa 1945 ko baƙi ɗaya babu, ba wata rubutacciyar doka, masu kulob ne kawai suka daina ɗauka. Sai 1946 Los Angeles Rams ta ɗauki Kenny Washington da Woody Strode, shi ma don hukumar filin da suke son haya ta matsa musu.

Namu kuwa akwai su da dama. Christian Okoye haifaffen Inugu jifan faifai ya kai shi karatu Amurka, bai taɓa wasan ba sai da ya haura shekara 20, amma a 1989 shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar, yadi 1,480 a rigar Kansas City Chiefs. Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, kuma yana cikin waɗanda suka kawo sansanin neman matasa na NFL Ghana a 2022. In kana da jiki da gudu ka fara da wanda ake cire ƙyalle a ƙugu maimakon kayar da mutum, shi ba ya buƙatar hular kwano, kuma an sa shi cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles.