Me ya sa daɓen simintin alkali ya tsage da wuri?

Malam, ka ce ka zuba daɓen gwaji da garin kashin ƙarfe (dattin da ke fita wajen narka ƙarfe) wanda aka kwaɓa da ruwan soda mai ƙuna da silikat (wani sinadari mai kauri da danƙo), haɗin da ake kira simintin alkali saboda sodar da ke cikinsa, kwana biyu ya tsage, alhali bai ɗau zafi kamar siminti ba.

Rashin zafin gaskiya ne, irin wannan haɗin yakan fitar da zafi ƙasa da na simintin Kalambaina da muka saba da shi. Matsalar a tsukewa take. Ƙofofin da ke cikinsa ƙanana ne ƙwarai, da ruwa ya fara ragewa sai su ja jikin kankaren ciki, ko da ka rufe shi. Ƙara da ranar Sakkwato ta Afrilu, sama da digiri 40, ko busasshiyar iskar hunturu, sai saman ya bushe ƙasa na ɗanye.

Ka jiƙa sodar tun ana gobe za ka kwaɓa, domin tana zafafa ruwa sosai. Ta huce kafin kwaɓi. Safar hannu da tabarau dole ne, don Allah, tana cin fata. Ka zuba bayan sallar asuba, ka rage silikat, ka lulluɓe da leda nan take har mako guda. Ni ban son yawan yayyafa masa ruwa, yana wanke sodar daga saman, ya bar farin gari kamar kanwa.