Zanen mashayar ƙauye a gwanjon Faransa: in taya ko in haƙura?

Tambaya: Malam, na ga wani zanen fentin mai da za a yi gwanjonsa a Paris. Mashaya ce ta ƙauye, manoma na zaune a kan benci, wata mata na zuba musu abin sha. An rubuta cewa aikin Faransa ne na ƙarni na 19, amma ba sunan mai zanen. Kuɗin da aka ƙiyasta bai taka kara ya karya ba. Anya na gaske ne?

Amsa: Mai yiwuwa na gaske ne, domin irin wannan zane ya yi yawa a wancan zamani. Masu zane sun riƙa barin Paris suna tarewa a ƙauyukan dajin Fontainebleau, suna kwana a masaukai irin na Ganne da ke Barbizon. Shahararren mai zanen nan na Faransa, Renoir, ma ya zana mashayar Mère Antony ta ƙauyen Marlotte a 1866, zanen yana gidan tarihi na Stockholm yanzu. Sai dai a bayan kowane gwani akwai ɗaruruwan masu zanen neman abinci da ba wanda ya san sunansu, kuma naka kusan tabbas daga cikinsu ya fito. Shi ya sa ya yi araha.

Ka karanta bayanin gidan gwanjon da idon basira. Tun 1981 doka ta ƙayyade kalmominsu a Faransa. In sun sa sunan mai zane kai tsaye, sun ɗauki alhaki. "Attribué à", wato "ana jingina shi ga wane", zato ne mai ƙarfi kawai. "Dans le goût de" kuwa, wato "a salon wane", ba lamuni ko kaɗan, kwaikwayon salo ne.

Ni abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne bayan zanen. Ka nemi su turo maka hotonsa. Sau da yawa za ka ga hatimin shagon da ya sayar da ƙyallen da aka yi zanen a kai, har da adireshinsa, wanda ke nuna shekarun da aka saya. Duba ƙusoshin gefe, sun yi tsatsa? Katakon ya yi duhu da ƙura? In an manna sabon ƙyalle a bayan tsohon, an taɓa gyara shi ke nan, ba laifi ba ne, amma sai ka tambayi me ya same shi. Fitilar ultraviolet tana tona inda aka sake shafa fenti, wuraren kan fito baƙi-baƙi. Idan gwaji ya nuna farin titanium (wani nau'in farin fenti) a asalin fentin, ka janye, don sai wajen 1920 ya shigo kasuwa, ke nan zanen ba na ƙarni na 19 ba ne.

Kar ka manta da la'ada. Gidajen gwanjo kan ɗora kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a kan abin da ka taya, ga kuɗin dako da inshora. Ka yanke iyakarka tun kafin a fara, kuma in zanen ya kwanta maka a rai don ka rataye a ɗaki, taya. In riba kake hange, zane marar suna da wuya ya ninka kuɗinsa.