Tambaya da Amsa: Ajin da Yara ke da Bakin Magana

TAMBAYA: Ina riƙe da aji huɗu a wata firamaren gwamnati, yarana sun kai saba'in. A wata bita an ce mu rage tsayuwa gaban allo muna zuba, mu raba yara rukuni-rukuni su yi aiki da kansu. Da na gwada sai aji ya koma kasuwa, har hedimasta ya leƙo. Ina gizo ke saƙar? Daga wata malama a Gusau.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Tsarin ilimi na Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke kuwa ninkin haka kike fama da shi, don haka shirinki sai ya fi na kowa. Galibi hayaniya na tashi ne idan aka raba yara kafin a tanadar musu abin da zai riƙe hannunsu.

Ki kasa su shida-shida, rukuni goma sha biyu ke nan ko kusa da haka, ki gauraya masu ƙoƙari da masu rauni, ki bar su a haka har ƙarshen zango. Sauya rukuni kullum shi ke cinye rabin lokaci. A kowane rukuni a sami mai maimaita umarni, mai rubutu, mai ɗauko kaya da mai kula da lokaci, muƙaman su riƙa zagayawa duk mako. Ki lura da kyau a nan, don in aka bar wa yara rabon, 'yan mata ne za su dawwama kan rubutu da share wuri, maza su riƙe magana.

Makon farko kada ki damu da darasi sosai. Ki koya musu alamar tsit: kin yi tafi uku, kowa ya ajiye abin hannunsa ya dube ki. A yi ta maimaitawa har ta zauna. Kuma ki gama bayar da umarni kafin kowa ya motsa daga benci, domin da zarar sun juya sun fuskanci juna, ba mai jin ki.

A darasin minti 35, biyar na bayaninki ne, goma sha biyar na aikinsu, goma na rahoto, biyar na ƙarshe ki tattara abin da aka gano ki rubuta a allo su kwafa. Wannan biyar ɗin ta ƙarshe ita aka fi tsallakewa, sai yara su tashi sun ji daɗi amma ba su san me suka koya ba. Misali, darasin rabi da kwata: kowane rukuni ya sami kwano ɗaya, gwangwanin madara da yashi. Su fara cankar gwangwani nawa zai cika kwanon, su rubuta, sannan su auna. Daga nan ki tambaya, rabin kwanon gwangwani nawa ne? Kwatansa fa? Rukunin da kwanonsa ya ci gwangwani bakwai zai yi karo da uku da rabi, kuma a nan ainihin karatun yake. Lokacin rahoto ki zaɓi rukuni uku ko huɗu kawai, ki kira duk yaron da kika ga dama a cikinsu. In suka san kowa ana iya kira, mai ƙoƙarin ba zai yi aikin shi kaɗai ba, dole ya fahimtar da saura. Aikin rukuni sau biyu ko uku a mako ya isa.

Kada a ce miki wannan sai makarantar masu hali. A ƙasar Kolombiya, tsarin Escuela Nueva da aka fara a 1975 an gina shi ne don makarantun ƙauye inda malami ɗaya ko biyu ke riƙe da dukkan azuzuwa, yara na aiki a ƙananan rukunoni da littattafan jagora, malami yana zagayawa.

TAMBAYA: A makarantar ɗana yara ke zaɓen manita da ƙuri'a, har da wani zama da suke yi su faɗi ra'ayinsu kan dokokin aji. Yanzu komai na ce masa sai ya ce "me ya sa?" Anya ba ɓata tarbiyya ake yi ba? Daga wani magidanci a Maraɗi.

AMSA: Malam, damuwarka tana kan hanya, amma mu a ganinmu makarantar ba ta yi laifi ba. Masanin da aka fi dangantawa da wannan salon shi ne John Dewey na Amurka, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, inda yara ke koyon awo da lissafi ta hanyar girki, saƙa da aikin katako. Hujjarsa ita ce, wanda ya shekara goma sha biyu ana ce masa "yi shiru ka kwafa" ba zai wayi gari ranar zaɓe ya iya auna maganar ɗan takara ba. Sauraron wanda ka saɓa da shi, kawo hujja, da haƙuri idan an kayar da kai, duk sai an saba da su tun ana ƙanana. Shawara kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sura guda ke ɗauke da sunanta a Alƙur'ani.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne yadda ake gudanar da abin. Zaɓen kirki yana da 'yan takara biyu zuwa huɗu, kowa ya yi magana ta minti ɗaya, a jefa ƙuri'a a ɓoye cikin kwali, a ƙirga a gaban kowa, wa'adi kuma zango ɗaya. Ɗaga hannu ba ya yi, don ƙaramin yaro zai dubi ƙaton ajin kafin ya ɗaga nasa. A hana rabon alewa da biskit. Manita kada a ba shi bulala ko ikon hukunci; aikinsa alli, jerin masu shara da isar da koke.

Zaman aji kuwa minti ashirin a mako ya wadatar, batu ɗaya ko biyu, mai magana ya riƙe wani abu a hannu, saura su saurara. Malami ya fayyace tun farko abin da ke hannun yara, kamar tsarin shara, rabon littattafai da filin wasa, da abin da ba ya hannunsu, kamar manhaja, lokacin zuwa da mutunta malamai. Babbar ɓarna ita ce yara su yanke shawara malami ya soke ba bayani, ko ya sauya sakamako don ɗan lelensa ya ci. Yaran da suka ga haka sun koyi cewa ƙuri'a wasa ce, kuma da wannan darasin za su girma.

A gida, ka raba tambaya da tsaurin ido. In ya tambaya cikin ladabi, ka ba shi dalili a taƙaice. In lokacin bai dace ba, ka ce ya yi aikin tukuna, za ku yi magana bayan sallar isha'i, kuma ka cika alkawarin. In ya ɗaga murya ko ya katse babba, ka gyara masa wannan, ka bar masa tambayarsa.

TAMBAYA: Shin wannan salon yana nufin a daina hadda? Jarrabawa fa? Daga wani ɗalibin kwalejin horar da malamai a Kano.

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Dewey da kansa, a littafin da ya fitar a 1938, ya soki makarantun da suka saki yara sakaka da sunan 'yanci. Haruffa da sautukansu, jadawalin sau, ƙa'idojin rubutu, duk sai malami ya koyar kai tsaye an maimaita. Ka ware minti goma kullum don wannan, amma fahimta ta riga hadda: yaro ya jera duwatsu layi shida, bakwai-bakwai, ya ƙirga 42 da hannunsa, sannan ya haddace. Duk ranar Juma'a ka ba da tambayoyi biyar da kowa zai amsa shi kaɗai, domin aikin rukuni yana ɓoye yaron da bai gane ba. Waɗanda suka ci ƙasa da uku, ka zauna da su ranar Litinin yayin da saura ke aikinsu.